Tsoron Tururin Nukiliya: Ina Gaskiyarsa Ta Tsaya?

Tun daga 2017, lokacin da Najeriya ta sanya hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na ƙasar Rasha game da gina tashar samar da wutar lantarki da makamashin nukiliya, maganar take tasowa tana lafawa, ana ambaton Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da ake hange. Har yau ba a aza tubali ko ɗaya ba, amma duk sa'ad da aka taɓo batun a rediyo, ko a majalisar hira a Gusau da Birnin Kebbi, sunaye biyu ne suke fara fitowa daga bakin mutane, wato Chernobyl da Fukushima, wuraren da tashoshin nukiliya suka yi mummunan haɗari, sannan tambayoyi su biyo baya. Shin ba abin nan ba ne da yake tsayar da haihuwa, yake sa a haifi 'ya'ya da nakasa har jikoki da tattaɓa-kunne, yake kashe ƙasa ta yadda ko ciyawa ba za ta sake tsirowa ba? Tambayoyi ne na masu hankali, sun kuma cancanci amsa mai ma'auni, domin a cikin abin da ake tsoro akwai wanda ya tabbata, akwai wanda aka shekara fiye da 70 ana nema ba a same shi ba, akwai kuma ɓarnar da tsoron kansa ya yi wadda ba a cika faɗa ba.

Bai kamata kowa ya yi wa Bazamfare dariya don ya ji tsoron gubar da ido ba ya gani ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke yawon sa ido kan cutar sanƙarau, suka tarar da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum inda ƙananan yara suke shiɗewa, suna jijjiga, suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Da aka gwada jininsu sai aka ga dalma ce. Ana kawo duwatsun zinare cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro yake rarrafe yana kai hannu baki, ta kwanta a kan tabarma da bakin randa da hatsin da aka shanya. Yara kimanin 400 suka rasu a 'Yar Galma da Dareta da Abare da Bagega da maƙwabtansu, dubbai suka rayu da dalma a jininsu, sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Dalma daban, tururin nukiliya daban, kuma yadda suke cutar da jiki ba ɗaya ba ne. Sai dai abin da wannan musiba ta koya mana yana aiki a nan ma: gubar da ba a gani tana da hanyar da take bi ta shiga jiki, tana da adadin da ake iya aunawa, kuma akwai waɗanda take fara kamawa kafin sauran mutane.

Asalin abin shi ne, wasu ƙwayoyin zarra ba su da natsuwa, kullum suna cikin rikiɗa zuwa wani sinadari, kuma a yayin rikiɗar suna fitar da ƙarfin da yake iya ratsa fata ya taɓa ƙwayoyin halittar jiki, wannan ƙarfin ne ake kira tururin nukiliya. Idan ya yi yawa a lokaci guda, yana kashe ƙwayoyin da suke ƙera jini a ɓargo da waɗanda suke shimfiɗe a cikin hanji, mutum ya kama amai da gudawa, gashinsa ya zube, ya rasa garkuwar jiki. Idan kaɗan ne, jiki yakan gyara mafi yawan ɓarnar, amma gyaran yakan zo da kuskure jefi-jefi, kuma irin wannan kuskure ne yake iya zama sankara bayan shekaru. Akwai bambancin da ya wajaba a riƙe tsakanin tururin da ya bugi mutum daga waje da burbushin da ya shiga cikinsa. Wanda ya zauna kusa da murhu yana jin zafi, idan ya tashi zafin ya rabu da shi, ba kuma zai ƙona wanda ya gaisa da shi ba. Wanda garwashi ya faɗa masa cikin aljihu kuwa, duk inda ya je da wutarsa yake tafiya. Mutumin da aka ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti irin na farko ne. Yaron da ya sha madara mai burbushin nukiliya irin na biyu ne.

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam, ko a ƙauyen da ba a taɓa jin sunan nukiliya ba, yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga duwatsu da ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya, kuma a wurare irin su Ramsar ta Iran da gaɓar tekun Kerala ta Indiya abin ya ninka haka sau da yawa. Hoton ƙirji guda bai wuce 0.1 ba. Babban hoton nan na cikin ciki da ake shiga cikin na'ura a yi, yana kaiwa wajen 10. Ma'aikacin da yake hulɗa da waɗannan abubuwa an yi masa iyaka da 20 a shekara. Daga 1,000 a lokaci guda rashin lafiyar da aka bayyana a sama take farawa, daga 4,000 zuwa 5,000 kuwa rabin waɗanda suka sha suna mutuwa idan ba su sami kulawa ba. A kan 100, ƙiyasin masana shi ne haɗarin mutuwa da sankara yana ƙaruwa da kimanin mutum 1 cikin 200, a duniyar da dama sankara ce ajalin mutum 1 cikin 4 ko 5 a ƙasashen da mutane suke daɗewa a raye. Ƙasa da 100 ƙarin yana yin ƙanƙanta har ya ɓace a cikin lissafi, kuma daga nan ne duk gardamar da za mu gani ta samo tushe.

Sannan kowane sinadari yana da wa'adin da rabinsa yake ƙarewa. Aidin mai lamba 131 kwana 8 ne wa'adinsa, saboda haka cikin wata uku ya zama tarihi. Siziyom mai lamba 137 shekara 30 ne. Fulutoniyom mai lamba 239 kuwa shekara 24,000. Idan aka ji ana cewa wuri ya lalace na dubban shekaru, wannan na ƙarshen ake nufi, shi kuma mai nauyi ne, yawancinsa kusa da tashar yake faɗuwa. Wanda ya fi yi wa mutane illa a tarihi shi ne mai gajeren wa'adin.

Chernobyl ita ce shaidar haka. A daren 26 ga Afrilu 1986, a Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyet, tukunya ta huɗu ta tashar, wato inda ake sarrafa makamashin nukiliyar, ta fashe ana tsakar wani gwaji, sakamakon aibin da yake cikin ƙirarta da kuma kurakuran masu sarrafa ta. Ba ta da ƙaƙƙarfan ginin da ake lulluɓe irin waɗannan tukwane da shi, don haka ta yi kwana 10 tana ci da wuta tana tura burbushi sama. Mutum 2 suka mutu a daren. Cikin ma'aikata da 'yan kwana-kwana, an tabbatar mutum 134 sun kamu da matsanancin ciwon tururi, 28 daga cikinsu suka rasu cikin 'yan watanni. Ba a kwashe mutanen garin Pripyat, su kusan 50,000, ba sai bayan awa 36, a ranar farko yara sun je makaranta, an ɗaura aure, mutane sun fito kallon hayaƙi. Hukumomi suka yi gum. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar 28 ga watan na'urorin wata tasha a Suwidin suka kama burbushin a jikin takalman ma'aikata, duniya ta ji labari daga bakin baƙi. Duk da haka aka yi faretin ranar ma'aikata a birnin Kiev ranar 1 ga Mayu, shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev kuma bai yi wa jama'a jawabi ba sai 14 ga watan.

A cikin waɗannan makonni na shiru ne babbar ɓarnar ta auku, kuma ta hanya mai sauƙin toshewa. Aidin ɗin ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ya fito a madara, iyaye a ƙauyukan Belarus da Yukren da yammacin Rasha suka ci gaba da tatsa suna ba 'ya'yansu, domin babu wanda ya ce musu su daina. Akwai wata halitta a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo, aikinta tara aidin, ba ta kuma bambance mai kyau da mai guba. Ta yaro ƙarama ce kuma tana girma, ga shi yankin dama yana fama da ƙarancin aidin a abinci, sai ta zuƙe duk wanda ta samu. Bayan shekara huɗu zuwa biyar likitoci suka fara ganin sankarar wannan halitta a jikin yara, cutar da a da sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Zuwa 2005 an ƙirga fiye da 6,000 cikin waɗanda suke yara ko matasa lokacin haɗarin, 15 sun rasu. Zuwa 2015 adadin ya kusa 20,000, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu tururin ne sanadinsu. Yawancinsu sun rayu, amma wanda aka yi wa tiyata aka cire masa wannan halitta yana ƙarami, ya zama mai shan magani har ƙarshen rayuwarsa, ba za a ce bai cutu ba. Ƙasar Poland, wadda ta yi maza ta raba ruwan aidin mai kyau ga yara kimanin miliyan 10 don halittar ta cika kafin mai gubar ya iso, ta kuma hana madarar shanun kiwo, ta nuna cewa abin yana da makari.

Game da jimillar waɗanda Chernobyl za ta zama ajalinsu, alƙaluma sun yi hannun riga. Rahoton haɗin gwiwar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 ya ce za su iya kaiwa 4,000 cikin mutum 600,000 da suka fi shan tururin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kai lissafin 9,000 da ta faɗaɗa yankin, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace kuma a 2006 ta ce 93,000. Mai karatu zai ɗauka cewa wani ɓangare ƙarya yake yi, alhali dukkansu lissafi ne, babu wanda ya ƙirga gawa. Ana ɗaukar ƙa'idar cewa kowane ɗan ƙanƙanin tururi yana ɗauke da ɗan ƙanƙanin haɗari, sai a ninka shi da yawan mutane. Wanda ya tsaya a kan dubu ɗari shida zai sami dubbai, wanda ya haɗa da duk mutanen Turai zai sami dubun dubata. Ƙa'idar tana da amfani wajen kafa dokar kariya, domin gara a yi kuskure ta ɓangaren taka-tsantsan, amma a ganina zalunci ne a ɗauki sakamakonta a gaya wa wani manomi cewa an riga an rubuta masa sankara. Abin da aka iya gani a zahiri, ban da na wuya, shi ne ƙarin sankarar jini da yanar ido a tsakanin ma'aikatan share wurin da suka sha kaso mai yawa.

Tsoron da ya fi kowanne taɓa zuciyar Bahaushe shi ne na zuri'a, kuma a nan ne bincike ya fi kwantar da hankali. Tun 1950 ake bin lafiyar mutum kimanin 120,000 a Hiroshima da Nagasaki, biranen da Amurka ta jefa wa bam a watan Agusta na 1945. An tabbatar da ƙarin sankara a cikinsu: daga kimanin 17,000 da aka gani tsakanin 1958 da 1998, wajen 850 aka danganta da tururin. An kuma tabbatar cewa 'yan tayin da suke ciki lokacin da bam ɗin ya tashi, musamman daga mako na 8 zuwa na 15, waɗanda uwayensu suke kusa ƙwarai, wasunsu sun sami tawayar ƙwaƙwalwa. Amma 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu bayan haka, su fiye da 70,000 da aka bincika, ba a ga ƙarin nakasa ko cutar gado a jikinsu ba. A 2021 aka buga binciken da ya karanta dukkan tsarin gadon 'ya'ya 130 na ma'aikatan Chernobyl da mazauna yankin, ba a sami ƙarin canji da za a jingina wa tururi ba. Duk da haka an yi shekaru a Japan ana gudun auren 'yan matan Hiroshima, kuma a 1986 mata a ƙasashen Turai masu nisa sun zubar da cikin da suke so saboda firgici. A Girka kaɗai masu bincike sun ƙiyasta kimanin 2,500, a ƙasar da abin da ya isa can bai kai ya taɓa ɗan tayi ba. Mu ma mun san ƙarfin irin wannan tsoro, tunda jita-jitar hana haihuwa ce ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Fukushima ta ƙasar Japan ta zo da darasi na daban. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta tayar da igiyar ruwa wadda ta ci rayuka fiye da 18,000 idan aka haɗa da waɗanda suka ɓace. Ruwan ya shanye injinan wutar da suke sanyaya tukwanen tashar, tukwane uku suka narke. Abin da ya fita bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na Chernobyl ba, iska ta kai mafi yawansa teku, hukuma kuma ta yi saurin hana madara da ganye daga yankin. Babu wanda tururi ya kashe nan take. A 2018 gwamnatin Japan ta amince ta biya diyyar ma'aikaci guda da sankarar huhu ta kashe, kwamitin masanan nan kuma ya ce a rahotonsa na 2021 ba a ga wata cuta a jikin mazauna yankin da za a ce kai tsaye tururin ne ya jawo ta ba. An duba wuyan yara kimanin 300,000 da na'ura mai kaifin gani, aka sami ɗaruruwa da ƙananan ƙulluttai na sankara, hankalin iyaye ya tashi matuƙa. Ra'ayin mafi yawan masana shi ne tsananin binciken ne ya tono abin da dama yake kwance ba ya ciwo, domin yawan abin bai bi yawan tururin da kowane yanki ya sha ba, ko da yake wasu iyalan ba su gamsu ba sun kai ƙara kotu.

Waɗanda suka mutu kuwa, gudun ne ya kashe su. An kwashe mutane kimanin 160,000. Aka ɗora tsofaffi da marasa lafiya daga gadajen asibiti a cikin motocin safa, suka yi awanni suna zagaye ba likita, ba abinci, ba abin ɗumi a cikin sanyi, gommai suka cika a hanya ko a zaurukan da aka sauke su. Daga baya ciwon suga da hawan jini da baƙin ciki da kashe kai suka bi mutanen da aka raba da gonakinsu da maƙwabtansu. Hukumomin lardin Fukushima sun ƙirga fiye da 2,000 da suka mutu ta wannan hanya, adadin da ya zarce na waɗanda girgizar da ruwan suka kashe kai tsaye a lardin. Ba na cewa kada a kwashe mutane idan tukunya tana narkewa, domin a ranar babu wanda ya san inda abin zai tsaya. Ina cewa dattijo ɗan shekara 85 wanda sankarar tururi ba za ta cim masa ba sai bayan shekara 20, fitar da shi cikin dare ba tare da shiri ba ya fi barinsa a ɗaki haɗari, kuma wannan hisabi ne da ya kamata a yi shi tun kafin ranar.

Manomin shinkafa na Argungu ko Suru zai fahimci abin da ya sami takwaransa na Fukushima. Daga 2012 zuwa 2019 aka riƙa gwada kowane buhun shinkafar lardin, kimanin buhu miliyan 10 a shekara, kuma daga noman 2015 ba a sake samun wanda ya haura iyakar da doka ta sa ba. Amma sunan wurin kaɗai ya isa ya karya farashi, masu saye suna kauce wa buhun da aka fi kowanne tantancewa a duniya. Yaran da suka koma wasu garuruwa sun sha tsangwama a makaranta, ana gudunsu kamar masu cuta mai yaɗuwa. A Chaina kuwa, a makon haɗarin, mutane suka wawashe gishirin kantuna saboda an ce mai aidin yana kariya, alhali aidin ɗin da yake cikin gishiri bai kai ko kusa ba, kafin mutum ya ci abin da zai isa gishirin ya riga ya illata shi.

Me ya sa wannan tsoro ya fi na sauran abubuwan da suke kashe mu? Hayaƙin itace da gawayi a cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara a duniya, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, hayaƙin janareta kuma yana kwantar da iyali guda a dare ɗaya a ƙasar nan, amma babu mai firgita da ganin murhu ko janareta, saboda mun saba da su, mu muke kunna su, muna kuma ganin hayaƙin. Tururin nukiliya ba shi da launi, ba shi da wari, wani ne yake ɗora maka shi ba da yardarka ba, illarsa kuma sai bayan shekaru. Ga shi duniya ta fara saninsa ne ta hanyar bam. Mu a nan ma ta haka muka san shi: ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, a lokacin hunturu, sa'ad da iskar arewa take kwaso ƙura zuwa ƙasar Hausa, kuma bayan gwaji na uku gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Abu mafi girma dai shi ne rashin yarda. Mutumin da ba shi da na'urar aunawa dole ya dogara da bakin hukuma, hukumar da ta taɓa ɓoye masa gaskiya kuwa ko ta rantse ba zai saurare ta ba. Shi ya sa rahoton 2005 ya ce taɓuwar hankali da zullumi su ne babbar matsalar lafiyar jama'a da Chernobyl ta bari, mutane miliyoyi suna rayuwa suna ɗaukar kowane ciwon kai a matsayin farkon ajali.

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka cewa haɗarin tashar nukiliya ƙaramin abu ne. An raba mutum kimanin 350,000 da gidajensu saboda Chernobyl, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 2,600 yana killace har yau, ko da yake daji da namun dawa sun mamaye shi. Sai 2012 aka ɗage takunkumin da aka sa wa tumakin wasu tuddai a Birtaniya, kuma a kudancin Jamus har yanzu ana gwada naman aladen daji kafin a sayar. A yankin da mutane suka bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga suka koma zaman kango a Gusau da Anka, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da rasa gona da kushewar iyaye yake nufi ba. Saboda haka idan maganar tashar Najeriya ta tashi da gaske, abin da ya dace a matsa a kai shi ne wa zai riƙa aunawa, ko za a buga sakamakon kowa ya gani, ko hukumar da take sa ido, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, tana da kuɗi da ikon da za ta ce a'a ga gwamnatin da ta naɗa ta, da kuma ko akwai hanyoyi da asibitoci da ƙwayoyin aidin a ajiye. Muna da ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, ta yi aikinta lami lafiya, amma ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, tashar lantarki kuwa ta ninka ta sau dubun dubata.

A halin da ake ciki, tsoron da ba a sa shi a muhallinsa ba yana yi mana ɓarna tun yanzu. Akwai mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, amma yana gudun hoton ƙirji don an ce yana rage kwana. Akwai matar da aka tura Sakkwato a yi mata gashin sankarar mama da tururi, dangi suka ce wuta ce za a ƙona ta da ita, aka mayar da ita gida har ciwon ya fi ƙarfin magani. Akwai masu ɗora ciwonsu a kan ƙarfen sabis na waya, alhali irin igiyar da yake fitarwa ba ta da ƙarfin tsinka ƙwayar halitta. Mai juna biyu ce ya wajaba ta sanar da ma'aikacin hoto halin da take ciki kafin a ɗauka.

Haɗarin da ya fi kusa da mu kuwa ba a tashar lantarki yake ba, yana cikin tarin gwangwan. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na Burazil, wasu masu tsintar ƙarfe biyu suka shiga wani asibitin gashin sankara da aka yi watsi da shi, suka kwance kan injin suka kai gida a baro, suka fasa. A ciki akwai garin siziyom da bai cika tafin hannu ba, yana ƙyalli shuɗi a cikin duhu. Dillalin da ya saya ya ɗauka abin daraja ne, ya shigar da shi ɗaki, ya gutsura wa 'yan'uwa da abokai, wasu suka shafa a jiki. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi a ƙasa, ta ci abinci ba ta wanke hannu ba. Sai bayan mako biyu, da gidan kowa ya kama amai, matar dillalin ta sa ragowar a jaka ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya. Ita da yarinyar da ma'aikatan dillalin biyu suka rasu, aka sami burbushin a jikin mutum 249, aka gwada mutum 112,000, aka rushe gidaje. A wajen jana'izar yarinyar, jama'a suka fito da duwatsu don hana a binne ta a maƙabartarsu.

Irin waɗannan ƙullin sinadarai suna nan a ƙasarmu, a asibitoci da kamfanonin haƙar mai da na'urorin gwada walda da na auna ƙarfin titi, a maƙwabciyarmu Nijar kuma, inda ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, masu bincike masu zaman kansu sun taɓa samun tarkacen ƙarfe mai burbushi a kasuwa. Sana'ar jari-bola ta cika garuruwanmu, yara ƙanana ne kuma suke yawo da buhu da mayen ƙarfe. Ya kamata kowane dillalin gwangwan ya san alamar: ganye uku kewaye da ɗigo, yawanci baƙi a kan rawaya. Ƙarfen da yake ɗauke da ita, ko wani ɗan ƙaramin tulu mai nauyin da ya wuce girmansa saboda dalmar da aka lulluɓe shi da ita, ba a fasa shi, ba a sa shi a aljihu, ba a kai shi gida. A matsa nesa da shi, a hana yara zuwa wurin, wanda ya taɓa ya tuɓe tufafinsa ya yi wanka da sabulu, sannan a sanar da 'yan sanda ko hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha domin su kira masu na'urar aunawa.